Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Rayuwar Rabaran Bargery da Bashin da Ke Wuyanmu

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Gwarzo da Kabo, ana gab da tashi hutu)



Da farko ina neman gafarar malamaina, domin ɗalibi ya miƙe yana jawabi a kan harshe a gaban waɗanda suka koyar da shi, kamar mai kai goro Gwanja ne. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayuwa a nan wata kunya ce da na sha, kuma na ga ya kamata in raba ta da ku, don ina kyautata zaton da yawa daga cikinmu suna da irinta a ɓoye.

A hutun da ya wuce na je gida, wani ɗan ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo. Wata rana da la'asar sakaliya kakata ta kira ni ta ce, "Maigida, leƙa ɗaki ka zo mini da abawa." Na shiga na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin gado, na fito na ce, "Iya, ai ba kowa a ɗakin." Ni a zatona Abawa sunan wata jikanya ce da aka haifa ba na nan. Tsohuwar nan ta yi dariya har da ƙwalla, sa'an nan ta ce, "Ashe mijin nawa baƙo ne a gidan ubansa. Shekara nawa kana karatu, ba ka san zaren da aka saƙa majanyin da aka goya ka da shi ba?"

Da na komo makaranta na tafi ɗakin karatu na nemi kalmar. Na same ta, da fassararta daidai yadda Iya ta yi mini bayani, watau zare mai kauri wanda ba a murza shi da ƙarfi ba. Amma a ina na same ta? A cikin wani tsohon ƙamus da aka buga a 1934, wanda wani limamin Kirista, Bature ɗan Ingila, ya tattara. Sunansa Rabaran George Percy Bargery. Tun daga ran nan tambayoyi uku suke cina. Wane ne mutumin nan? Me ya kawo shi tsintar kalmominmu? Mu kuma da muka gaji harshen, mene ne ya rage a wuyanmu? A kansu zan yi magana.

Kafin Bargery akwai waɗanda suka share masa fage. Na farkonsu Rabaran J. F. Schön ne, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta C.M.S., wanda ya shigo jirgin da ya bi kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba, amma ya rubuta nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Yawancin Hausar da ya ji daga bakin wani yaro ya ji ta, mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, sa'an nan matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Bayan Schön sai C. H. Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya fitar da nasa ƙamus. A 1900 kuma ayarin Bishop Tugwell, cikinsu har da Likita Mila, suka shigo Kano suna neman izinin zama, Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su tattara nasu ya nasu su fice.

A wannan shekara ta 1900 Bargery ya iso ƙasar nan. An haife shi a garin Exeter a Ingila a 1876, aka naɗa shi limami a 1899, watau ya zo yana saurayi ɗan shekara 24, sa'an yawancinmu da ke zaune a ɗakin nan. Ya zo tun Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba, domin wannan sai a 1903 ya auku. Abin da ya fito da shi daga gida a fili yake: ya zo ne ya yi wa'azi, ya juyo da Hausawa zuwa ga addininsa. Ya shekara goma a kan wannan aiki. Sarakuna ba su yi maraba da shi ba, gwamnatin mulkin mallaka ita ma ba ta sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulmi ba, saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. A 1910 rashin lafiya ta mai da shi gida. Da ya sami sauƙi ya dawo a 1912, amma wannan karo a matsayin ma'aikacin Sashen Ilmi na gwamnati.

A 1921 Gwamna Clifford ya ɗora masa aikin da zai zama abin tunawa da shi, watau haɗa ƙamus na Hausa. Shekara 13 aka ɗauka kafin littafin ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Yana da shafi sama da 1,200, da kalmomin Hausa kimanin 39,000. Ku tuna fa, a zamanin babu kwamfuta, hanyoyin mota kaɗan ne, kuma ba a riga an buga Ruwan Bagaja ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ba balle ya tsinci kalmomi a cikinsu, domin jaridar sai a 1939 ta fara fitowa. Mafi yawan abin da ke cikin littafin daga bakin mutane aka ji shi, kalma bayan kalma.

Abubuwa uku suka ɗaukaka ƙamus ɗin bisa waɗanda suka gabace shi. Na farko, ya nuna tsawon wasali da karin sauti a kan kowace kalma. Mu da muka sha harshen a nono ba mu lura da wannan, amma baƙo yana shan wuya a kansa. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne a boko, jan wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne suka bambanta su. Kafin Bargery ba a yi ƙamus na Hausa da ya bi wannan al'amari daga farko har ƙarshe ba. Na biyu, ya kula da karin harshe, yakan nuna cewa wannan kalma ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato, ko Zazzau, ko Haɗeja, ko Gobir. Na uku, bai tsaya a kan fassara kaɗai ba. In ka buɗe kalma kamar goro ko dawa, sai ka tarar da jerin ire-irensu. In ka buɗe ƙato, sai ka ga kalmomi masu ɗimbin yawa da Bahaushe ke kwatanta girman abu da su, har ka riƙe baki ka ce ashe haka muke da arziki.

Jami'ar Landan ta ba shi digirin dakta a 1937 saboda wannan aiki. Ya koyar da Hausa a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta jami'ar har 1947. A 1953, yana tsoho ɗan shekara 77, ya sake dawowa Kano don ya jagoranci sabuwar fassarar Sabon Alkawari zuwa Hausa, ya zauna har 1957. Wannan ya nuna mana cewa abin da ya fara fito da shi daga gida bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya rasu a 1966 yana gab da cika shekara 90. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga ƙamus ɗin a 1993, daga baya kuma aka sa shi a intanet.

To, jama'a, yaya za mu auna mutum irin wannan? Da na rasa ma'auni a gida sai na nema a waje, na kuwa same shi a wuri mai nisa. Kowa a nan ya san tumatir, wasunmu ma da kuɗin lambunsa aka biya mana kuɗin makaranta. Amma mu nawa muka san cewa kalmar baƙuwa ce? Asalinta daga harshen Nawatil ne, harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Mutanen Sifaniya suka ara daga gare su, Ingilishi suka ara daga Sifaniya, mu kuma muka ara daga Ingilishi. Wannan harshe na Nawatil ya yi nasa Bargery, shekara wajen 350 kafin namu, kuma labarinsa madubi ne da za mu duba fuskarmu a ciki.

Sunansa Fada Bernardino de Sahagun, ɗan ɗariƙar Faransis ta cocin Katolika. An haife shi a Sifaniya wajen 1499, ya yi karatu a Salamanka, ya isa Meziko a 1529, shekara takwas bayan sojojin Cortes sun rushe babban birnin Aztek. Ya tarar da mutanen da aka ci da yaƙi, an rusa ɗakunan bautarsu, an ƙone littattafansu da yawa, cututtukan da baƙi suka kawo kuma suna ta kashe su. Ya koyi harshensu har ya ƙware, ya zama malami a kwalejin Santa Cruz da aka buɗe a Tlatelolco a 1536 don 'ya'yan sarakunan ƙasar, inda yara suka fito suna jin harshe uku, nasu da Sifaniyanci da Latin.

A 1558 shugaban ɗariƙarsa ya umurce shi ya rubuta duk abin da zai amfani masu wa'azi game da mutanen. Ku dubi hanyar da ya bi, domin a nan darasin yake. Ya tafi wani gari mai suna Tepepulco, ya roƙi sarkin garin ya haɗa shi da dattawa masana. Aka ba shi wajen goma ko sha biyu. Ya zauna da su kusan shekara biyu, yana tambaya suna amsawa da zane irin na rubutunsu na gargajiya, tsofaffin ɗalibansa kuma suna rubuta bayanin da harshen Nawatil. Bai gamsu da wannan ba, ya kwashi takardun ya kai Tlatelolco ya sa wasu dattawan dabam suka bi su suka gyara, sa'an nan ya sake bin su a birnin Meziko. Shi da kansa ya kwatanta abin da tankaɗe a rariya uku. Abin da ya fito littafi ne mai kashi 12, shafi wajen 2,400, da zane sama da 2,000, Nawatil a gefe ɗaya, Sifaniyanci a ɗaya gefen. Ya ƙunshi abin bautarsu, da lissafin kwanakinsu, da jawaban da iyaye ke yi wa 'ya'ya, da sarauta, da fatauci, da sana'o'i, da magunguna, da itatuwa da dabbobi. Kashi na ƙarshe kuwa labarin yaƙin da aka ci su ne, daga bakin waɗanda aka ci.

Bai yi aikin cikin daɗi ba. A 1570 'yan ɗariƙarsa suka yanke masa kuɗin biyan marubuta, alhali tsufa ya sa hannunsa na rawa ba ya iya riƙe alƙalami, aikin ya tsaya shekara biyar. A 1576 annoba ta auka wa ƙasar, ɗalibansa suna rubutu ana fita da gawa. A 1577 Sarkin Sifaniya Filibus na Biyu ya ba da umurni a ƙwace takardun, kada a bar kowa ya rubuta al'adun mutanen nan da kowane harshe. Aka tafi da littafin Turai, ya ƙare a wani ɗakin karatu a birnin Fulorans ta Italiya. Sahagun ya rasu a Meziko a 1590, bayan shekara 61 a ƙasar, bai ga littafinsa a buge ba. Sai a 1829 aka fara buga fassararsa ta Sifaniyanci.

Me ya sa ya sha wannan wahala? Bai ɓoye ba. Ya ce mai wa'azi kamar likita ne, ba ya iya ba da magani sai ya san cuta. Watau al'adun da ya tattara, a wurinsa cuta ce da yake so a gane don a kawar. Amma ga ikon Allah, littafin da aka rubuta don a tumɓuke abu shi ya zama rumbun da aka adana shi. A yau jikokin mutanen nan, waɗanda sama da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu har yanzu suna magana da Nawatil, cikinsa suke duba maganar kakanninsu.

Idan muka ajiye mutanen nan biyu gefe da gefe, hukunci biyu masu sauƙi suna jiranmu, kuma ina roƙon mu guje su duka. Na farko shi ne na mai cewa, ai ɗan mishan ne, ɗan koren mulkin mallaka, a watsar da littafinsa. Gaskiya ne ƙamus ɗin Bargery gwamnatin mallaka ta sa a yi shi, kuma Turanci ne harshen fassararsa, domin an yi shi ne don Razdan da Di'o da ɗan mishan su ji abin da talaka ke faɗi, ba don Iya ta karanta ba. Amma wanda ya ƙi shan ruwa saboda ya ƙi wanda ya haƙa rijiya, shi zai kwana da ƙishirwa. Yabon gwani ya zama dole. Mutum ya ba da shekara 13 na rayuwarsa yana sauraron harshen da ba nasa ba, har ya ji abin da masu shi ba su lura da shi ba, wannan ya cancanci a ce masa sannu da aiki, ko da an saɓa da shi a kan niyya. A cikinmu nan akwai Musulmi, akwai kuma 'yan'uwanmu Kirista Hausawa, kowa da yadda zai dubi niyyar. Aikin kuwa namu ne duka.

Hukunci na biyu shi ne na mai cewa, Bature ne ya koya mana rubuta harshenmu, ba don shi ba da mun ɓace. Wannan ma kuskure ne. Tun kafin a haifi Bargery malamanmu suna rubuta Hausa da ajami. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi waƙoƙi da Hausa don ilmantar da mata, ta kuwa rasu shekara goma sha wani abu kafin haihuwarsa. Mutanen Aztek su ma suna da littattafansu kafin zuwan Sifaniyawa. Baƙo bai kawo harshe ba, bai kawo hikima ba. Abin da ya kawo shi ne naci, da tsari, da kuma idon da ke mamakin abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai, watau batun suna. Kalmomi 39,000 ba daga Exeter aka zo da su ba. Kowace ɗaya akwai bakin da ta fito. Wani masaƙi ne ya ajiye ƙoshiya ya yi bayani, wani maharbi, wani mahauci, wani malami da ya zauna shekara da shekaru yana amsa tambaya, yana maimaita kalma sau goma don a ji hawa da saukarta. A bangon littafin akwai sunan Bargery, akwai na Farfesa Westermann da ya rubuta gabatarwa a kan Hausawa da harshensu, amma babu sunan Bahaushe ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani misalin ya fi wannan ciwo. R. C. Abraham, wanda ya taya Bargery aiki na wani lokaci, ya fitar da nasa ƙamus a 1949, da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Da aka sake bugawa a 1962 sai sunan Abraham kaɗai ya rage. A nan Fada Sahagun ya yi abin koyi, domin ya rubuta sunayen ɗalibansa da garuruwansu: Antonio Valeriano, da Alonso Vegerano, da Martin Jacobita, da Pedro de San Buenaventura, har da sunayen magatakardan da suka kwafi littafin. Saboda haka masana na yau suna iya cewa aikin nan na 'yan ƙasa ne tare da shi. Amma dattawan Tepepulco, masu ilmin na asali, shi ma jimlarsu kawai ya faɗa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba ta jiƙa ganye, hantsi ya yi ta bushe, kaba kuwa tana nan rani da damina. Baƙin sun zo sun yi nasu sun tafi. Ba za a ce kaba ba ta yi kome ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda Hausawa suka fassara Hausa da Hausa, shekara 72 bayan na Bargery, kuma malamanmu sun rubuta kundaye masu yawa a kan sana'o'i da adabi. Amma aikin ya fi ƙarfin cibiya ɗaya, kuma lokaci ba ya jira.

Kada wani ya ce ina kukan mutuwar Hausa. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano har Kumasi da Sudan, wanda gidajen rediyon duniya ke watsa labarai da shi, ba mutuwa zai yi ba. Abin da nake tsoro ramewa ce. Harshe yakan yi faɗi ya kuma rame a lokaci guda, masu shi su ƙaru kalmominsa su ragu. Kalma tana rayuwa ne muddin aikin da ta ke suna yana raye. Ran da aka jingine mazari aka koma zaren kanti, ran nan abawa ta kama hanyar kabari, allera da kwarkwaro suna biye da ita. Bari in gwada mu. Wa zai tashi ya bambanta mana gandu da gayauna? Wa ya san abin da ya raba firi da maimai, ko rumbu da rufewa, ko gero da maiwa da dauro? Na ga hannuwa sun tashi, madalla, amma ku dubi yawan waɗanda ba su tashi ba, alhali dukanmu 'ya'yan manoma ne.

Ƙasarmu kuwa wuri ne da ya dace da wannan aiki ƙwarai. Muna zaune a bakin iyakar Kano da Katsina, inda Kananci ke gaisawa da Katsinanci. In ka nausa yamma za ka fara jin zamna a maimakon zauna, da sabka a maimakon sauka. Kasuwar Getso tana tara mutane daga ƙasashe dabam dabam, kowa da irin bakinsa. Muna da Fulani makiyaya da sunayen shanu da ciyayi, muna da gidajen da suka riƙe tsofaffin al'adun noma da biki waɗanda birni ya manta. Wanda duk ya bi titin Gwarzo daga ƙofar jami'a zuwa gida, ta cikin ƙamus ya ratsa wanda ba a gama rubutawa ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A wannan hutu kowannenmu ya zaɓi sana'a ɗaya da dattijo ɗaya. Na Garo ya kama ƙira, na Kutama ya kama gini, na Lakwaya ya kama farauta, na Durun ya kama noman rani, haka har mu gama. Ka tafi da ɗan goronka, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Kada ka tsare tsoho da tambaya kamar ɗan sanda, ka zauna kusa da shi yana aiki, kalmomin da kansu za su fito. Ka rubuta kalma tare da jimlar da ta zo a ciki, ka ɗauki muryarsa a wayarka don kada karin sautin ya ɓace. Sa'an nan ka ari rariyar Fada Sahagun, ka kai abin da ka samu wurin wani dattijo a wani gari, ka sake kai wa na uku, inda suka saɓa ka rubuta duka, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi.

'Yan'uwanmu mata, naku rabon ya fi namu tsoka. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ku kuwa har ƙuryar ɗaki kuke shiga. Kalmomin jego da reno, da na kaɗi da kitso, da waƙoƙin daka da niƙa, suna hannun iyayenmu mata. Ku tuna littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954. Mace ce ta zauna da mace, shi ya sa aka ji abin da ba a taɓa ji ba, kuma sunan tsohuwar ne a bangon littafin.

Yayyenmu ma'aikata, ku ma ba ku tsira ba. Malamin gona yana jin sunayen ƙasa da na ƙwari kullum. Malamin asibiti yana jin yadda talaka ke kwatanta ciwo da kalmomin da babu su a littafin da ya karanta. Magatakardan kotu yana jin kalmomin gado da iyakar gona da jingina da aro. Ɗan littafi ɗaya a aljihu ya isa. In mun dawo mu haɗa abin da muka samu, mu miƙa wa malamanmu na sashen Hausa su duba mana.

Sharaɗi ɗaya ne ba na so a karya. A kan kowace takarda, kafin ka rubuta sunanka, ka rubuta sunan wanda ya ba ka, da garinsu, da ranar da kuka zauna, in ya yarda a rubuta. Abin da muka zargi baƙi da shi kada mu yi wa iyayenmu. Zai zama abin kunya ƙwarai ɗan boko ya kwashi ilmin kakarsa ya sami digiri da shi, ita kuwa ko a gefen shafi ba a ambace ta ba.

Ni dai na riga na zaɓi tawa. Na sayi littafin rubutu, kuma a shafin farko sunan Iya na sa. Na san za ta yi mini dariya, za ta ce mijin nata ya dawo makarantar allo da gemu. Na yarda, domin gara ta yi mini dariya tana raye, da in zo neman kalmarta a littafin baƙo bayan ba ta.

 Inda na yi daidai daga malamaina ne, inda na yi kuskure nawa ne, ina roƙon a gyara mini. Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa mu tarar da tsofaffinmu lafiya, ya dawo da mu da littattafanmu cike.